Wa ke raɗa wa gari suna? Tarihin Ƙonni, Malbaza da Galmi

In an haifi yaro, ran bakwai ake raɗa masa suna. A yanka rago, a raba goro, liman ya yi addu'a. Shi ke nan, suna ya zauna har ranar mutuwa. Gari ba haka yake ba. Ana raɗa masa suna, a sake, a ƙara masa wani a bisa. Wani lokaci sarki ke yi, wani lokaci gwamnati, wani lokaci masu kuɗi, wani lokaci kuma bakin ƴan kasuwa. Duk sa'ad da aka taɓa sunan wuri ko matsayinsa, akwai wanda ya ci riba, akwai wanda ya yi hasara. Bari mu duba ƙasarmu, daga Alela zuwa Galmi, daga Ƙonni zuwa Illela.

Kafin zuwan Nasara

Ƙonni tsohon gari ne. Ba kowane gari ake kira birni ba, sai wanda ke da ganuwa da ƙofofi da sarki a ciki. Yau ganuwar Ƙonni ta zube, amma kalmar birni tana nan manne da sunan garin.

A ƙarni na 18 Gobirawa suka mallaki Ƙonni. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Fulani Toronkawa, sun daɗe zaune a wannan ƙasa. Shehu kansa a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi, a 1754. Mutanen Najeriya da yawa suna mamaki in aka ce masu mahaifar Shehu tana cikin Nijar. A 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, kuma a cikin shekarar nan jama'arsa suka ci Matankari da Ƙonni. Daga nan fuskar Ƙonni ta koma kallon Sakkwato.

Arewa da mu kuwa Adar ce. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Adar da yaƙi. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar, kuma gidan sarautar yana Illela. Malam Djibo Hamani ya rubuta littafi guda a kan tarihin Adar, an buga shi a 1975.

A wancan zamani babu layi a ƙasa. Iyakar sarki ita ce ƙauyen ƙarshe da ke aiko masa da gaisuwa. In ƙauye ya ga sarki ya yi rauni, sai ya juya gaisuwarsa wajen wani.

Akuya da turke

A watan Yuni na 1898 Turawan Faransa da na Ingila suka zauna a Paris don su raba ƙasar da ba su ma kama ba tukuna. Ga yadda suka yi. Kun san in an ɗaure akuya a turke, takan zagaya iyakar tsawon igiyarta. To, Sakkwato suka mayar turke. Igiya kuwa mil 100 ce, wajen kilomita 160 ke nan. Suka ce duk abin da ke cikin zagayen na Ingila ne, abin da ke waje na Faransa. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Ashe Ƙonni ta faɗa rabon Ingila, mutanenta ba su ko sani ba.

Shekara na zagayowa sai ga rundunar Faransa, ƙarƙashin wasu hafsoshi biyu, Vule da Shanuwan. Sun taso daga bakin Kwara za su tafkin Cadi. Da sun bi yarjejeniya, da ta arewa za su zagaya. Amma arewa ba rijiyoyi, ba hatsi. Sai suka ratso ta cikin garuruwa, suna ƙonawa suna kisa. A watan Afrilu na 1899 suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Ran 8 ga Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni. Suka fasa ganuwa, suka kashe jama'a mai ɗimbin yawa, maza da mata da yara, suka kama wasu bayi. Tsofaffinmu sun ji wannan labari daga bakin kakanninsu. Ƙarshen hafsoshin bai yi kyau ba. Faransa ta aiko Kanar Kulob ya tsai da su, Vule ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli, can wajen Tasawa. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu suka kashe su duka biyun.

Duk da haka matsalar Faransawa ba ta ƙare ba. Suna son hanya daga Kwara zuwa Damagaram. Dole ayarinsu ya bi ta Filinge da Tawa, raƙuma da jakuna suna mutuwa da ƙishirwa. Ingila kuwa ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sai Faransa ta ce a sake zama.

Ku saurari wannan da kyau. Can gabar Kanada, bayan teku, akwai wani tsibiri mai sanyi, Niyufanlan. Tun da daɗewa masuntan Faransa ke da iznin sauka a wata gaɓarsa su shanya kifi. Ingila tana son su bar wurin. Ran 8 ga Afrilu 1904 aka yi musaya. Faransa ta saki haƙƙinta na gaɓar kifi. Ingila ta ba ta wasu tsibirai kusa da Konakiri, da wani wuri a kogin Gambiya, ta kuma yarda a ja iyakar nan tamu kudu, don Faransa ta sami hanya mai ruwa. Aka ƙara gyara takardar a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilo na Faransa da Manjo Oshi na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu, 148 daga Kwara zuwa Cadi.

Ta haka Ƙonni ta zama ta Faransa. Da ba don kifin wani tsibiri da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu ba, da wataƙila yau naira ce a aljihunmu, ƴaƴanmu kuma suna karatun Ingilishi. Garin da ke kan hanyar Sakkwato ya wayi gari shi ne bakin iyaka. Gonar wa tana wannan gefe, ta ƙane tana wancan.

Suna a bakin alƙalami

Faransawa suka zaunar da kwamanda a Ƙonni. Suka kasa ƙasa kanto-kanto, kowane kanto da sarkinsa mai tara haraji da mutanen aikin dole. Ba a hana aikin dole ba sai 1946. Suka kuma rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya ji.

Ku da kuka iya karatu yanzu, ku dubi allunan bakin hanya. Tawa ta zama Tahoua. Tsarnawa ta zama Tsernaoua. Badagishiri ta zama Badaguichiri. Birnin Ƙonni kuwa an yanke shi uku, Birni N'Konni, ƙugiyar ƙa ta ɓace, harafin n ya bar jikin birni ya tsaya shi kaɗai. In kun ga ou, ku karanta shi u ko w. In kun ga ch, ku karanta shi sh. Ba ku ne ba ku iya ba. Rubutun ne aka yi shi don bakin wasu.

Abin ba wasa ba ne. Muna da wurare uku masu suna kusan ɗaya. Akwai Alela, yamma da Ƙonni. Akwai Illela ta Adar, gidan Sarkin Adar. Akwai kuma Illela ta Najeriya, wadda ke kallon Ƙonni ta ƙetaren iyaka, mai babbar kasuwar Lahadi. Magatakarda yana gaggawa, harafi ɗaya ya kuɓuce masa, sai mutumin Alela ya zama haifaffen wata gunduma. Ba ya ganewa sai ranar da ɗansa zai yi jarrabawa, ko ranar shari'ar gona. Saboda haka in an miƙo maka takardar haihuwa ko ta gona, kada ka naɗe ta ka sa aljihu. Tsaya nan gaban tebur ka karanta sunanka, da na mahaifinka, da na garinku.

A Yamai an taɓa sunaye kwanan baya. A watan Oktoba na 2024 aka cire sunan Janar Dagol daga wani babban titi, aka sa na Djibo Bakary. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A ganina, in dai haka ne, allunan garuruwanmu sun cancanci a duba su. Sauya sunan titi aikin yini ɗaya ne. Mayar wa Ƙonni ƙugiyarta a kowace takarda shi ne babban aiki.

Superefe, perefe, magajin gari

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. A 1964 gwamnatin Diori Hamani ta soke tsarin kwamanda. Ta kasa ƙasa manyan yankuna 7, ɗaya daga ciki Tawa. A ƙarƙashinsu aka yi ƙananan yankuna 32, kowane da superefe. Ƙonni ta sami nata, Illela ta sami nata.

A 2002 aka sake. Tawa ta zama jaha mai gwamna. Ƙonni da Illela suka zama gundumomi masu perefe. Aka kuma kafa ƙananan hukumomi, waɗanda muke kira komin, aka yi zaɓensu na farko a watan Yuli na 2004. A nan ne Alela ta sami gidan magajin gari, haka Bazaga da Tsarnawa da Dogarawa da Malbaza. A 2011 aka ƙara gundumomi 27, jimla ta kai 63. Aka yanke Malbaza da Dogarawa daga Ƙonni, suka zama gundumar Malbaza. Aka yanke Bagaruwa daga Illela. A watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun da aka zaɓa, ta naɗa wakilai a madadinsu.

Me ya sa garuruwa ke kokawar zama gunduma? Don inda perefe ya zauna, nan ofisoshi ke tsirowa. Ma'aikata su zo da albashi, a kama hayar gida, mai nama da mai shayi su samu. Talaka kuma tafiyarsa ta neman takarda ta ragu. Amma kujerar perefe ba ta cika rumbu. Akwai ƙauyukan da aka sauya wa gunduma, rijiyarsu tana nan yadda take.

Aikin da ya sauya fuskar Ƙonni da gaske shi ne na ruwa. Zamanin Seyni Kountché aka datse Majiya a Mozage da Zongo, aka ja ruwa ta magudanai har Ƙonni. An gama kashi na farko a 1979, na biyu a 1982, hekta 2,452 gaba ɗaya. Garin da aka sani da gero da fatauci ya koma noman rani: alkama, masara, kabeji, albasa. Da magudanai suka tsufa, laka ta cika madatsai, sai aka yi gyara da kuɗin Amurka bayan 2018.

Garin da luzin ya haifa

Malbaza ƙauye ne kamar kowane. Arzikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake: dutsen da ake toyawa a yi siminti. Bayan mulkin kai gwamnati ta kafa kamfanin siminti na ƙasa, SNC, ya fara aiki a 1966. Ma'aikata suka zo daga ko'ina, Zabarmawa, Barebari, Buzaye, suka yi gidaje kusa da aiki, a bakin gudiro. Sabuwar unguwa ta fi tsohon ƙauye girma. Har a takardun gwamnati aka riƙa rubuta Malbaza Usine, wato Malbaza ta luzin, don a bambanta ta da ta asali.

A 1998 aka sayar da kamfanin ga ƴan kasuwa na waje. Daga baya aka gina sabon luzin da ya fi na da girma nesa ba kusa ba, mai suna Malbaza Cement Company. A watan Nuwamba na 2018 kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, megawat 7, da bashin Indiya. Ita ce ta farko irinta a Nijar.

Buhun siminti ya kai sunan Malbaza inda ƙafar ɗan Malbaza ba ta taɓa zuwa ba. Magini a Diffa ya san sunan, ko da bai san gabas ko yamma garin yake ba. Ni dai ina ganin da babu luzin, da wuya a ce Malbaza ce za ta ɗauki gunduma a 2011, ga Dogarawa mai tsohuwar sarauta, ga Galmi mai kasuwa.

Albasar Galmi

In wani ya ce maka za shi Galmi, sai ka tambaye shi: lafiya? Don tun 1950 akwai asibitin mishan a garin, marasa lafiya suna zuwa daga Nijar da Najeriya. Amma a Akara da Kumasi da Abijan, in ka ce Galmi, albasa suke ji.

Ba gwamnati ta raɗa wannan suna ba. Manoman kwarin Majiya ne suka yi shekara da shekaru suna zaɓen iri. Su ware albasar da ta fi kyawun launi, mai yaji, mai jure ajiya a rudu, su mai da ita ƙasa ta yi fure, su tara ƴaƴan. Galmi tana bakin babbar hanya, a nan motoci ke lodi. Sai fatake suka riƙa cewa ta Galmi, ta Galmi, har sunan ya bi ta. Masu binciken noma suka zo daga baya, suka tace irin, suka rubuta shi da Faransanci: Violet de Galmi, wato mai launin shunayya ta Galmi. Albasa tana cikin kayan noman da suka fi kawo wa Nijar kuɗi daga waje.

Kowa ya san ba Galmi kaɗai ke noma ta ba. Tsarnawa na yi, Madawa na yi, Tamaske na yi. Duk da sunan Galmi suke sayarwa, don shi mai saye ya sani. Ba a taɓa yin faɗa a kan haka ba. Sunan ya zama kamar rijiyar gari, kowa ya zo da gugansa.

Sai ga wani al'amari. Akwai wata hukuma ta ƙasashen Afirka 17, har da Nijar, ana kiranta OAPI, gidanta yana Yawunde ta Kamaru. Aikinta rajistar mallaka: in ka ƙirƙiro abu sabo, ta ba ka takarda cewa naka ne, wani ba ya sayar da shi sai da izninka. A 2006 wani kamfanin sayar da iri da ke Senegal, Tropicasem, ya kai takarda OAPI yana neman a ba shi mallakar iri mai sunan Violet de Galmi. Manoma ba su sani ba. Yaya za su sani? Takarda ce ta Faransanci, a wani ofis, a wata ƙasa.

Ku auna abin da zai faru da an ba shi. Kamfani na da ikon hana wani sayar da iri da wannan suna. Manomin Galmi da ya gaji irin daga kakansa zai zama kamar ɓarawo a gonarsa. Da labari ya fito, ƙungiyoyin manoma suka tashi, a 2009 magana ta cika rediyo da jaridu. Ƙungiyar masu albasa ta ƙasa, ANFO, ta shiga. Gwamnatin Nijar ta kai ƙorafi. Kamfanin ya saki sunan Galmi, ya koma kiran irinsa Violet de Damani.

Wannan ya buɗe wa mutane ido. Ashe suna ma dukiya ne, ana iya sace shi ba a fasa rumbu ba. Sai aka shiga neman wata irin takarda, wadda ba ta mutum ɗaya ba ce, ta yanki ce gaba ɗaya. Ita ke cewa wannan kaya daga wannan ƙasa yake, ƙasar da ruwanta da hannun mutanenta ne suka ba shi kyau. Faransawa sun daɗe suna kare sunan cukunsu da irin wannan takarda. An daɗe ana kai da kawowa. A 2023 OAPI ta ba Nijar takardar, ta albasar Galmi da ta kilishin Nijar.

To, takarda ta zo, amma tana da sharuɗɗa. Dole a san iyakar ƙasar da ke da haƙƙin sunan. Dole iri ya zama tsantsa, ba gauraye ba. Dole a san yadda aka noma, yadda aka ajiye, da wanda ya cika buhu. A nan nake da tsoro. Wa zai ja wannan sabuwar iyaka? Wane ƙauye zai shiga, wane zai fita? In manoma ba su zauna a wurin da ake yanke magana ba, wasu za su sake kafa turke su auna igiya, kamar 1898. Manyan dillalai masu motoci da hatimi su ci moriyar sunan, mai ban ruwa tun asuba ya ci gaba da sayar da buhu lokacin girbi, sa'ad da albasa ta fi araha, don bashin taki da na man inji na bisa wuyansa. Duk wanda ke cikin ƙungiyar manoma, ya nemi a karanta masa sharuɗɗan nan da Hausa a gaban taro. In akwai kwafi, ya karɓa ya karanta da kansa.

Ƴan watanni bayan takardar, ran 26 ga Yuli 2023, aka yi juyin mulki a Yamai. Ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi. Najeriya da Benin suka rufe iyaka. Tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya, tafiyar da yaro ke yi da keke, motoci suka tsaya cik. Motocin albasa masu zuwa Gana suka maƙale a hanyar Benin, buhuna suka ruɓe a cikinsu, a Akara kuwa kuɗin albasa ya hau. Aka koma bi ta Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Iyakar Ƙonni ba ta buɗe ba sai a watan Maris na 2024.